Inuwa Muke Nema, Fenti Ke Biya

Mu dai a unguwar nan, in mutum ya shigo layi da mota, kafin ya dubi ƙofar gidan da ya zo, inuwa yake fara nema. Haka muke a masallacin Juma'a, haka muke a bakin asibiti da sakatariya, a gidan biki da gidan gaisuwa. In bishiya ɗaya ce tal a wurin, za ka tarar motoci sun cusa kai ƙarƙashinta ta kowace kusurwa, wanda ya makara kuma ya lallaɓa ya tura ko da bonet ne. Ba mai ganin laifinmu. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya kama sitiyari ya saki ba shiri, ya san dalili. Rana kuma da kanta tana cin fenti, tana fasa dashbod, tana busar da robar ƙofa. Neman inuwa gaskiya ne. Abin da muke mantawa shi ne bishiyar nan da masu ita. Kurciya na ciki, hasbiya na ciki, hankaka na zuwa ya huta, balbela ta mai da wasu itatuwan masaukinta na kowace yamma, in dare ya yi kuma jemage ya karɓi wurin. Duk sun ci sun ƙoshi, kuma ba wanda zai sauko ƙasa don ya rage ciki.

Sai gari ya waye mu ga fari-fari da baƙi-baƙi a rufin mota da bonet da but. Daga nan halinmu yake fitowa, kuma mun kasu biyu.

Akwai masu jinkiri, su ne suka fi yawa. Ka ce wa mutum, “Yaya, tsuntsaye fa sun yi wa motarka ɓarna,” sai ya ce, “Na gani, bari sai Asabar in za a kai ta wanki.” In da damina ne ya ɗaga kai ya ce, “Ai hadari ya haɗo, ruwan sama zai yi mana aikin.” Masu manyan motoci ma ba sa ganin rufin tasu sam, sai ranar da suka hau bene suka leƙo. Ina jin akwai wani abu da ke ƙara mana sanyin jiki. Mun tashi da sanin cewa a mazhabar Malikiyya kashin tsuntsun da ake cin namansa, matuƙar ba ƙazanta yake ci ba, ba najasa ba ne. In ya faɗo wa mutum a riga a hanyar masallaci, ya kankare ya yi sallarsa. Wasu har cewa suke sa'a ce. To hukuncin riga daban, abin da ke faruwa a kan fenti daban.

Sai masu zafin nama. Alhaji ya fito zai tafi kasuwa, ya gani, ransa ya ɓaci, ya sa farce. Farce ya kasa, ya juya bakin makulli. Ko ya ƙwala wa yaro kira, “Kai, zo maza ka goge min wannan abin!” Yaron ya ɗauko tsumman da aka goge taya da shi jiya, busasshe, da yashinsa da komai, ya danna da iya ƙarfinsa yana zagayawa don ya burge maigida. A wani gidan soson wanke-wanke ake ɗaukowa daga madafa, koren nan mai kaushi. A majalisa kuma ba a rasa mai ba da shawara: wannan ya ce a ɗiga fetur, wancan ya ce tina ta fi, wani ya ce kanwa da ruwan zafi. In a gilashin gaba ne, sai mu kunna waifa a bushe, ta yi ta jan abin hagu da dama har ta zana mana bakan da za mu riƙa gani duk daren da fitilar wata motar ta haske mu. Mai jinkiri yana barin abin ya ci fenti a hankali, mai zafin nama kuma yana gama tasa ɓarnar cikin minti ɗaya. Da yawanmu ma haɗa biyun muke yi, mu bar shi kwana uku ya bushe ƙamas, sannan mu zo mu gurza.

Tsuntsu ba ya fitsari daban. Farin nan da muke gani shi ne fitsarinsa, wani sinadari ne da masana ke kira yurik asid, kuma ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi. Shi ya sa ruwan saman da muke dogara da shi yake wanke gefe-gefe ya bar cibiyar a manne. Baƙin da ke tsakiya kuwa ragowar abinci ne, kuma a cikinsa akwai ƙwayar 'ya'yan itace da ɓawon ƙwari da yashi. Kurciya da tattabara suna haɗiyar ƙananan tsakuwa da gangan don su niƙa hatsi a ƙundu. Wato duk wanda ya danna busasshen kashi ya ja, yashi yake ja a kan fentinsa. Wanda yake ganin abin bai kai a damu da shi ba, ya tambayi majema na gargajiya a birnin Kano. Cikin abubuwan da suke jiƙa fatar akuya da su don ta yi laushi kafin a kai ga bagaruwa, har da kashin tattabara. Abin da zai tausasa fata bai kamata a bar shi ya kwana a kan bonet ba.

Shi kansa fentin, kaurinsa bai kai yadda muke zato ba. Galibin motocin yau hawa huɗu ne a jikinsu: akwai na farko mai hana tsatsa, sai firama, sai launin da ido ke gani, sai wani garai-garai a sama wanda fentoci ke kira kiliya, shi ne mai sheƙin. In aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kaso shi ne mikron ɗaya. Dukkan hawa huɗun nan a haɗe ba su cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba, kiliyar kuma tana tsakanin 40 da 50, wato wajen rabin kaurin takardar rubutu. Iyayenmu da suka ja Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 sun saba da wani irin fenti, domin yawancin motocin wancan zamani launin ne a sama, ba kiliya. In ya dushe sai a sa folish a murza, tsumma ya ɗebo launi, sheƙi ya dawo, a sake yi baɗi. Har yau in ka ji dattijo yana cewa, “Ku murza shi sosai, zai fita,” daga can ya ɗauko, kuma a kan motarsa ta da gaskiya ya faɗa. Ta yanzu in ka cinye kiliyar ba abin da ke dawowa.

Sai kuma zafi, wanda shi ne namu na musamman. A 2011 wani kamfanin kayan goge mota na Ingila, Autoglym, ya fitar da bayanin cewa ba tsamin kashin ne ke yin tabon ba. In rana ta buga, kiliya tana laushi ta ɗan buɗe, shi kuma kashin yana bushewa ya taurare a kanta. In dare ya yi aka samu sanyi, sai ta tsuke ta ɗauki siffar abin da ke manne da ita. Ka wanke tas, amma ka ga inuwar wurin na nan, don fuskar fentin ta riga ta yamutse, haske ba ya dawowa daga gare ta daidai. Kamfanin Ford ma ya bayyana a 2020 cewa yana haɗa kashin tsuntsu na gwaji a ɗakin bincike, ya fesa a kan ƙarafunan da aka yi wa fenti, ya gasa su a digiri 40 da 50 da 60 don ya ga juriyarsu. Ku duba waɗannan lambobi da kyau. A nan, da bazara, iskar da muke shaƙa kanta tana haura digiri 40, bonet ɗin baƙar mota da ke rana kuwa yana wuce 60 ɗin. Abin da suke kira gwaji mai tsanani, shi ne azahar ɗinmu ta yau da gobe. Tabon da zai ɗauki kwanaki a ƙasar sanyi, a wurinmu wuni ɗaya ya ishe shi.

Maganar jemage kuwa ba ta taɓa tashi a majalisa ba tare da gardama ba. Dole a samu mai rantsuwa cewa ta baki yake kashi, haka ya ji tun yana yaro, kuma ga shi kullum a rataye kai ƙasa, ta ina zai yi? Gaskiyar ita ce yana da mafita irin ta kowace dabba. In abin ya matsa shi yakan juyo ya rataya da faratan fikafikansa ya yi, ko ya sake shi yana cikin tashi. Amma masu wancan zancen ma akwai abin da suka gani. Jemage mai cin 'ya'yan itace yana tauna ɗan itacen ne ya matse ruwan ya haɗiye, ya tofar da tuƙar da manyan ƙwayoyin. Saboda haka abu biyu ke sauka a kan motar da ta kwana a gindin mangwaro ko cediya ko darbejiya: tuƙa daga baki, da kashi mai ruwa-ruwa. Cikinsa kuma ba ya riƙe abinci, sau da yawa kafin rabin sa'a abin da ya ci ya fito. Dabbar da za ta kwana tana ci tana fitarwa haka, ka ƙiyasta abin da garke guda zai yi kafin asuba. Nasa ya fi na tsuntsu danƙo, yana zuwa da launin abin da ya ci, ɓaure ne ko gwaiba ko kaɗanya, kuma yana rina farar mota. Da yake a sama yake sakinsa, ko motar da ba ta ƙarƙashin bishiya tana samun rabonta in tana kan hanyarsu. Dubi katangar gidajen da ke kusa da itatuwa masu 'ya'ya, za ka ga feshin a jiki.

'Yan'uwanmu na Nima a Akara sun fi mu sanin wannan. Kusa da su, a itatuwan da ke kewaye da asibitin sojoji na 37, manyan jemagun nan masu ruwan ɗorawa a wuya suna taruwa dubban ɗaruruwa da rani, in magariba ta yi su rufe sama. In damina ta kama sai yawancinsu su watse su yi arewa suna bin 'ya'yan itatuwa. Mu ma a nan abin yana da lokaci. Akwai watannin da za ka kwana a gindin bishiya lafiya lau, akwai kuma makonnin da 'ya'yanta suka nuna, motarka ba za ta kai safe da tsabta ba. Akwai kuma ƙananan jemagun silin masu cin ƙwari. Nasu kashin busasshe ne, baƙi, ƙanana, in ka murza ya zama gari. Wanda ke ganinsa a kan motar da ke cikin gareji ya san a rufin suke, kuma fitsarinsu ma yana ɗiga.

Maganin duk wannan, in an yi shi a kan lokaci, bai fi ƙarfin ledar fiya wata ɗaya da tsumma mai laushi ba. Wannan ne abin da ya fi damuna, ganin motar da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinta ta lalace a kan abin da ruwa kaɗai zai hana. In motar ta yi zafi, a matsar da ita inuwa ta ɗan huce. A zuba ruwa a wurin, a jiƙa tsumma ko tishu a shimfiɗa a kai, a bar shi minti biyar zuwa goma, gwargwadon ka je ka gaisa da mutanen majalisa ka dawo. In ya jiƙu, sai a tattaro shi da tsumman a ɗaga sama, ba a ja shi gefe ba. A ninke tsumman a samu fuska mai tsabta, a sake ɗauka. In da saura a manne, a sake jiƙawa, kada a ƙara ƙarfi. Na jemage yakan buƙaci zagaye biyu ko uku. Daga ƙarshe a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane da wani tsumman daban, don ruwan rijiyar burtsatse in ya bushe da kansa a rana yana barin nasa ɗigon. Tawul ɗin nan masu laushi da yara ke sayarwa a danja, waɗanda ake kira maikurofaiba, sun fi tsohuwar singileti. Sabulun wanke mota kuma ya fi Omo, don Omo yana kwashe duk wani waks da aka shafa, kuma in an saba da shi fenti yana dushewa. Fetur da tina kuwa a bar wa masu aikinsu.

A wanke hannu bayan an gama, kuma kada a hura busasshen da baki. Tsohon kashin tattabara da na jemage da ya taru wuri ɗaya yana iya ɗaukar wani naman gwari da ƙurarsa ke kama huhu, musamman ga mai raunin jiki. In za a share gareji ko silin da ya tara shi, a yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci. In kuma an wayi gari an ga jemage a ƙasa, matacce ko mai rai, kada a bar yara su ɗauka da hannu.

To in an riga an makara fa, an wanke ga tabo? A nan ma gaggawa ba ta da amfani. Wani tabon maras zurfi yakan ragu da kansa bayan 'yan kwanaki, don zafin ranar da ya lanƙwasa kiliyar yakan sake kwantar da ita in ba abin da ke danne ta. In bai tafi ba, fenta mai gaskiya yana da gwaji biyu da zai yi a gabanka. Zai zuba ruwa: in tabon ya ɓace yana jiƙe, ya dawo in ya bushe, a sama yake. Zai bi da farce a hankali: in bai ji tudu ko rami ba, folish zai iya. Irin wannan da hannu ma ana yi, ɗan folish a kan tsumma mai laushi, a wurin kaɗai, a duba, a ƙara in da buƙata. In ya ƙi, sai a hau zuwa kwamfawun, wanda ya fi shi ci, da injin gogewa. In har yanzu yana nan, akwai samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 2000 ko 3000, da ake bi da ruwa sannan a goge. Wannan aikin gwani ne, kuma ko gwanin yana yi yana tsayawa.

Dalilin tsayawar shi ne duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suke yi, suna rage kaurin kiliyar da ke kewaye da tabon har ta yi daidai da ƙasansa. Cikin kiliyar nan kuma akwai sinadarin da ke tare hasken rana mai ƙona launi. Shi ya sa nake jin tsoron samarin da ke tare mutum a tasha ko bakin kasuwa da inji a hannu, “Oga, kawo in mayar maka da ita sabuwa yanzu-yanzu.” Za ta yi sheƙi kuwa, har ka ƙara masa kuɗi. Amma in kwamfawun mai kaushi ya sa, ya danna, ya bi har bakin bonet da ƙofa inda fenti ya fi siranta, ya cinye maka abin da ya kamata ya kai ka shekaru. Motocin nan da muke gani rufinsu ya yi fari-fari yana ɓarewa, rana ce ta gama da su, amma da yawa hannu ne ya rage mata aiki.

Akwai tabon da ba folish ɗin da zai taɓa shi, wanda in ka duba kusa za ka ga wurin ya tsattsage ko ya yi tamoji. Wannan ya ratsa kiliyar. Sai feshi, kuma ba a fesa ɗigo ɗaya, sai an yi bonet ɗin ko rufin gaba ɗaya. Daga nan sai matsalar haɗa launi, don fentin da ya sha ranar shekara takwas ba zai yi daidai da sabon da aka dama daga gwangwani ba sai a hannun wanda ya iya. Sai matsalar wurin feshi: wanda aka yi a ɗaki rufaffe aka gasa daban yake da wanda aka yi a fili da hunturu, ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti. Sai babbar, wadda kowa ya sani a kasuwar motoci. Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce, “Fes bodi ce?” Dillali zai zagaya yana shafa gefen ƙofa, wani ma da ɗan na'urar auna kaurin fenti a aljihu. Da ya gano an fesa rufi, ba zai yarda tsuntsu ne ba, zai ce motar ta taɓa kifewa, ya rage kuɗi yadda ya so. Wanda ya yi sabon feshi kuma ya sani cewa fentin yana ɗaukar makonni kafin ya gama taurara, a lokacin ne ya fi saurin yin tabo, kuma ba a shafa masa waks sai fenta ya ce lokaci ya yi.

Ta fuskar kariya, waks yana taimakawa. Yana zama tsakanin kashin da kiliya, yana sa wankewa ta yi sauƙi. Ana gane yana nan in ruwa yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya a jikin mota, in ya daina ya fara shimfiɗewa, lokacin sabuntawa ya yi, kuma a zafinmu ba ya daɗewa. Shagunan Abuja da Kano da Kaduna yanzu suna tallar siramik, wani ruwa da ake shafawa ya taurare. Yana da kyau, ya fi waks daɗewa nesa ba kusa ba, amma wanda ya ce maka in ka sa shi ka gama da tsuntsu bai faɗa maka duka ba. Lokaci yake ƙara maka kafin tabo ya kama, shi ma kansa yana tabo. Ledar nan garai-garai da ake mannawa a bonet da rufi ita ce ta fi tarewa, ita ce kuma ta fi tsada. Mu talakawa tamfol muka sani, da tsohon bargo ko zani da ake shimfiɗawa a sama. Ba laifi, in motar a wanke take. In ka rufe ta da ƙurar hunturu a jiki, iska ta kwana tana kaɗa tamfol ɗin, da safe za ka ga zane-zane a duk inda ya taɓa. Akwai kuma ƙananan tsuntsayen da ke sauka a madubin gefe su wuni suna faɗa da hotonsu, su bar layi fari a jikin ƙofa. Wannan ka ninke madubin ko ka zura masa tsohuwar safa, shi ke nan.

Abin da ya fi duk waɗannan sauƙi, ba ma yinsa. Kafin ka tsaya, ka dubi ƙasa. In gindin bishiyar ya yi fari da kashi, ko ya cika da tuƙa da ƙwayar darbejiya, an riga an gaya maka wanda ke kwana a sama. Haka ƙarƙashin wayar wuta da fitilar titi. Sannan da dare, me mota za ta yi da inuwa? Mukan ajiye ta a gindin bishiya da azahar saboda rana, wannan daidai ne, amma sai mu bar ta nan har gobe don nan ne wurinta. Alhali balbela da yamma take dawowa masauki, jemage bayan magariba yake fitowa. Wanda ya matsar da motarsa 'yan taku kaɗan zuwa fili kafin sallar magariba, ya mayar da ita inuwa da hantsi, ya tsira daga mafi yawan abin da muke kuka da shi.

Maimakon haka sai mu huce a kan bishiya, kuma wannan ne ba na goyon baya ko kaɗan. Mutum ya kira masu sara su kayar da darbejiyar da mahaifinsa ya dasa, wai tana tara tsuntsaye. Itacen nan tun 1928 aka kawo shi Borno, aka yi ta dasawa a garuruwanmu don ba kowane itace ke jure ƙasarmu ya ba da inuwa da rani ba. Shekara nawa za a yi kafin wata ta kai girmanta? A gindinta mai shayi yake, a nan tsofaffi ke shimfiɗa tabarma, a nan yara ke jiran a buɗe makarantar allo. Duk wannan a tafi da shi saboda bonet ɗin mutum ɗaya. Bayan an sare kuma motar ta koma wuni a rana, rufinta ya ɓare cikin 'yan shekaru. In reshe ɗaya ne ya miƙo kan wurin ajiyar mota, a sassabe shi a bar uwar. Wasu kuma tayar mota suke ƙonawa a gindin itace don hayaƙi ya kori jemagu, duk layi ya kwana yana tari, yara kuma a ba su danƙo su riƙa harbinsu. Jemagun nan aiki suke yi mana. Masu bincike a Gana da suka ɗaura musu na'urar bin sawu sun gano suna iya kai ƙwayar itace har nisan kilomita 75 daga inda suka ci ta. A ƙasar da muke kukan hamada, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ma iya haƙuri in mun so, ga shamuwa nan tana sheƙa a tsakiyar gari duk damina tana zubar da nata, ba mai jifanta, don mun ɗauke ta mai albishir da ruwa.

Tattabarun maƙwabci su ne suka fi kawo ɓacin rai tsakanin mutane, don su suna da mai su. Na ga inda aka daina gaisawa a kan wannan. Inda aka bi ta hanyar da ta dace, mai motar ya samu mahaifin yaron ya ce, “Baba, tattabarun Ɗan'autanka a kan katangata suke wuni, ko za a juya ɗakin nasu ya kalli bayan gida, a mayar da wurin zuba musu hatsi can?” Tattabara inda ake ba ta abinci da ruwa take zama, in aka matsar da su ita ma ta matsa. Wanda Allah ya hore wa ya kafa rumfar kwano, ya tuna ya toshe tsakanin katako da kwanon da raga, in ba haka ba ya gina musu masauki a daidai saman motarsa.

In ana neman waɗanda suka iya abin nan a unguwa, direbobin Adaidaita Sahu ne da 'yan tasi. Jarkar ruwa da tsumma ba sa rabuwa da su, suna jiran fasinja suna dubawa, abu bai taɓa kwana a jikin abin hawansu ba. Mu masu barin wa yaro wankin safe, abin da ya rage mana shi ne mu tsaya sau ɗaya mu nuna masa da hannunmu yadda ake jiƙawa a ɗaga. A saya masa tsumma biyu, ɗaya na taya ɗaya na jiki, da bokiti biyu don kada yashin da ya wanko ya koma kan fenti. A ba shi benci ko kujerar da zai taka ya leƙa rufi, a kuma ƙara masa wani abu a kan abin da ake ba shi, tunda aikin ya ƙaru.